Baba da Ruwan Kifin Mama

Babanmu mai gyaran famfo ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan sana'a. Abokan aikinsa Ba Ɗigo suke kiransa, domin in ya gama haɗa bututu sai ya shimfiɗa takarda a ƙarƙashin mahaɗar, ya fita ya sha shayi ya dawo. In ya tarar da ɗigo ko ɗaya a jikin takardar, kwance aikin yake yi ya sake daga farko, ko da mai gida na roƙonsa ya bari haka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwoyinsa duk sun yi kanta saboda durƙuso a kicin da banɗakin mutane. Ba shi da yawan magana. Abu biyu ne kawai ke buɗe masa baki: bututun jan ƙarfe, wanda yake yabo, da tiyon roba, wanda yake zagi.

Mama kuwa tela ce. Kekenta na bakin tagar falo tun kafin a haife ni, ni ce auta. Wata safiya tana cikin yankan yadi almakashi ya suɓuce daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka ta kasa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Ta yi mako uku a asibiti. Da aka sallamo ta, ƙafar tana ɗan motsi, hannun ba ya yi, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu, su ma da ƙyar. Baba ya daina karɓar aikin nesa. Ni malamar makaranta ce, gidana ba nisa, in na tashi daga aiki sai in biyo in zauna da ita har la'asar.

Zaman ne ya fi damunta. Talabijin tana sa mata ciwon kai, rediyo kuma surutunta ya yi mata yawa. Sai ta wuni a kujera tana kallon bango. Yayanmu ne ya lura cewa duk ranar da ya kai ta wajen gashin ƙashi, idonta ba ya barin wani akwatin gilashi mai kifin ado da ke ɗakin jira. Bai yi shawara da kowa ba. Ranar wata Asabar sai ga shi da akwati mai cin lita ɗari da ashirin, da tsakuwa, da ciyayin ruwa, da ƙananan kifaye goma sha biyu a leda, masu ratsin ja da shuɗi, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aka mayar da keken ɗinki uwar ɗaki, aka kafa akwatin a gurbinsa.

Baba da kansa ya cika shi da ruwan famfo. Yaya ya ce mai shagon ta yi masa wani bayani a kan ruwa amma ya manta.

"Wane bayani?" in ji Baba. "Ni na ja ruwan gidan nan da hannuna. Shi kuka sha kuka girma."

Cikin kwana uku kifi biyar suka mutu. Na shigo na tarar da Mama ta ɗaga hannun hagu, yatsu a buɗe.

"Biyar," ta ce.

Yaya ya ƙaro shida. Kafin mako ya zagayo huɗu daga cikinsu sun bi sahu. Baba ya yanke hukunci cewa marasa lafiya aka sayar wa ɗansa. Ya cika kwalba da ruwan famfonmu, ya ɗaga ta a hasken taga ya tabbatar garau take, ya ce in zo in raka shi, za shi ya faɗa wa mai shagon gaskiya.

Shagon wani siririn ɗaki ne mai tsawo, akwatunan gilashi hawa uku dama da hagu, ko'ina sai ƙarar kumfa. Mai Kifi, haka kowa ke kiranta, ba za ta girme ni ba. Hannun rigarta a naɗe yake har gwiwar hannu. Ta saurari Baba har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta karɓi kwalbar, ta tsiyaya kaɗan a wani ɗan gilashi, ta ɗiga magani. Ruwan ya koma ruwan hoda. Ta tsoma wani abu mai kama da alƙalami, lamba ta fito a jikinsa: ɗari huɗu da tamanin.

"Baba, ruwanka mai kyau ne," ta ce. "Amma na sha ne, ba na zama ba."

"Kamar yaya?"

"Kai kofi kake sha ka ajiye. Shi kuwa a ciki yake numfashi, dare da rana. Launin nan da ka gani kulorin ne, wanda ma'aikatar ruwa ke zubawa don ya kashe ƙwayoyin cuta. Mu yana kare mu, shi yana ƙona masa maƙoshi. Lambar nan kuma gishiri ne da alli da suka narke a ruwan. Butar shayinku tana yin fari a ciki?"

"Tana yi," na ce. Baba ya harare ni.

"To shi ne. Irin kifin da ɗanka ya zaɓa daga ruwa mai laushi aka samo asalinsu. Ko an cire kulorin ɗin, ba za su daɗe a wannan ba. Na faɗa masa."

Baba ya kalli gilashin. Na ɗauka zai fita a fusace. Sai ji na yi ya ce, "Ke da me kike tace naki?"

Ta kai mu bayan shago. A jikin bango akwai wasu kwanso uku a jere, kamar dogayen kofuna a kife, da wani farin bututu a kwance a samansu, da ƙananan tiyo masu launi suna shiga suna fita. Nan ne Baba ya manta da faɗan da ya kawo shi. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya fara bin tiyo da yatsa.

Mai Kifi ta ce hanya uku ce. Akwai maganin ɗigawa, yana kashe kulorin amma ba ya taɓa alli. Akwai matatar gawayi, ita ma haka. Sai wannan injin: kwanson farko yana tare laka da tsatsa, na biyu da na uku gawayi ne, su ke tsotse kulorin, farin bututun kuma a cikinsa akwai wata siririyar fata a nannaɗe, wadda ruwa zalla ne kaɗai ke iya ratsa ta. Sauran duk ya bi ta tiyon shara ya fita.

"Nawa yake zubarwa?" in ji Baba.

"Bokiti uku ko huɗu, kafin ka samu ɗaya."

"Ɓarna ke nan. Ƙarfin ruwa nawa yake so?"

Ta faɗa masa. Ya ciro guntun fensir daga bayan kunne ya rubuta a tafin hannunsa.

Mako biyu ya yi yana zaɓe. A tsakanin nan daga shagonta nake ɗauko ruwa a jarka, kifayen da suka rage suka samu sauƙi. Baba ya ɗaura ma'aunin ƙarfin ruwa a famfon kicin, yana dubawa da safe, da rana, da yamma, yana rubutawa a bayan kalanda. Ya gano cewa in maƙwabta suka buɗe famfunansu gaba ɗaya, ƙarfin namu yana faɗuwa ƙasa da abin da fatar ke buƙata. Ya zaga shaguna huɗu. Wani mai shago ya so ya ɗora masa babba, mai tankin ƙarfe da kan famfo mai ƙyalli da fitila. Baba ya ce masa kifin ba ya buɗe famfo. Ya lissafa cewa lita talatin kacal akwatin ke buƙata a mako, don haka ya ɗauki mafi ƙanƙanta, ya haɗa da ɗan injin tura ruwa, da bawul mai hana ruwa komawa baya, da duro fari mai murfi, da balan-balan irin na tankin banɗaki wanda zai tsayar da ruwa in duro ya cika. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne girman kwanson. Ya ce sai irin wanda ake samun matatar cikinsa a kowane shago, don kada wata rana a ce masa sai an yi oda.

Ranar haɗawa ya kwashe duk tarkacen da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya rufe ruwan gida, ya yanka layin ruwan sanyi ya sa mahaɗa mai baki uku da ƙaramin bawul. Ya kafe kwanson a bango, ya bar tazarar tafin hannu a ƙasa don a iya kwance su. Kafin ya sa fatar sai da ya saki ruwa ya wanke gawayin, baƙin ruwa ya yi ta zuba a bokiti har ya washe. Tiyon shara kuwa ya ƙi kai shi magudana. Ya huda ƙasan taga ya fitar da shi tsakar gida, ya sa a wani babban duro, ya ce da shi za a riƙa wanki da goge ƙasa.

Saura kai tataccen ruwan daga kicin zuwa falo, tafiyar mita shida. A cikin kwalin akwai siririn tiyo shuɗi a nannaɗe don wannan aikin. Baba ya warware shi, ya ja, ya lanƙwasa.

"Wannan ai igiyar shanya ce," ya ce. Ya jefa shi kan kabad.

Ya shiga sito ya fito da siririn bututun jan ƙarfe da ya daɗe yana ajiya. Wuni guda ya yi a kansa. Ya lanƙwasa shi ya bi gindin bango, ya zagaye ƙofa, ya liƙe kowace mahaɗa da dalma, ya sa maƙali duk bayan taki ɗaya, sannan ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ya kai shi cikin farin duron, wanda ya zaunar a gefen akwatin kifin. Ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Yaya da ya zo sai da ya ɗauki hotonsa.

Aka zubar da ruwan farko kamar yadda takarda ta ce. Baba ya tsoma alƙalamin awo da ya saya, lamba ta nuna tara. Ya kai wa Mama har kujera ya nuna mata.

"Daga ɗari huɗu da tamanin, Maman yara. Tara."

Ta gyaɗa kai.

Mai Kifi ta riga ta gargaɗe shi cewa ruwa zalla shi ma ba ya riƙe kifi, sai an mayar masa da ɗan gishirinsa. Don haka kashi uku na tatacce yake gaurayawa da kashi ɗaya na wanda ya bi ta gawayi kawai. Bai taɓa kuskure awon ba. Aka ƙaro kifi takwas da katantanwa guda shida masu lashe gansakuka a jikin gilashi. Mako uku komai lafiya. Mama ta koyi ɗibar abincinsu da yatsun hagu, ta san wanda ya fi haɗama, ta sa masa suna Direba saboda Yaya, wanda direba ne mai son ci.

A mako na huɗu katantanwar suka fara faɗowa daga gilashi. Kwana biyu duk sun mutu. Sai kifayen suka daina cin abinci, suka taru a sama suna haki. Baba ya auna ruwa, lambar daidai. Ya gwada kulorin, babu. Ya ce to a ƙara canza ruwa. Ya canza rabi, washegari abin ya ƙaru, uku suka mutu.

Da na zo da rana Mama ta kama hannuna ta nuna wajen akwatin.

"Kore," ta ce.

"E, Mama, ciyayin sun yi kore."

Ta girgiza kai. "Kore."

Na ɗauka gansakuka take nufi, na ɗauko soso na goge gilashin. Ta juya fuska ta ƙi kallona. Washegari ta faɗa wa Baba kalmar nan har sau uku, shi ma ya rasa gane ta. Ya cire ciyayin duka ya wanke ya mayar. Ranar ta ƙi cin abincin rana.

Ni na kira Mai Kifi, ban gaya wa Baba ba. Ta zo ranar da ba ta buɗe shago. Ta durƙusa ta gaishe da Mama, ta duba kifayen, ta shiga kicin ta duba injin, ta ce ko ita ba a haɗa mata nata da tsabta haka ba. Ta dawo falo tana tunani. Mama ta buga hannun kujera da zobenta har muka juyo. Ta miƙa yatsa.

"Kore."

Mai Kifi ba ta kalli akwatin ba. Ta tsuguna daidai kafaɗar Mama ta bi yatsan da ido. Duron yake nunawa. Daga inda Mama ke zaune, in rana ta bugo ta taga, ana hango cikinsa ta jikin farar robar. Mai Kifi ta ɗaga murfin. A daidai inda ruwa ke ɗiga akwai wani siririn zane, kore mai sirkin shuɗi, bai fi faɗin zare ba. Mu da muke tsaye ba mu taɓa ganinsa ba. Mama kuwa shekara talatin ta yi tana bambanta zare da zare.

Mai Kifi ta ɗaga kai ta bi bututun da kallo, daga duro, ta gindin bango, ta saman ƙofa.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne."

"Wallahi ya yi kyau." Ta shafa bututun. "Sai dai a cire shi."

"Yana yoyo ne?"

"Ba ya yoyo. Ruwan ne. Ka kwashe masa komai, ya fito da yunwa. Duk ƙarfen da ya kwana a cikinsa sai ya ci. Ruwan famfo allinsa ne ke yi wa bututu rufi a ciki, wannan ba shi da shi. Jan ƙarfe kuma guba ne ga katantanwa, su yake fara kashewa, sannan kifi. Alƙalamin ba zai nuna maka ba, abin kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa suke sako tiyon roba a kwali."

Baba ya sa yatsa ya shafo koren ya duba. Ya san launin nan. Ya gan shi a gidaje ɗari, a jikin tsofaffin mahaɗai, bai taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Ya juyo ga Mai Kifi.

"Kenan duk canjin ruwan da na yi ta yi..."

"Ƙara musu kake yi, Baba."

Sai muka ji wani sauti daga kujera. Mama ce ke dariya, rabin fuska na yi, rabi na tsaye, kafaɗarta na rawa. Rabon da mu ji dariyarta tun kafin asibiti. Ta nuna Baba.

"Taurin kai," ta ce, kalma biyu cif, ba gargada.

"Na ji," in ji Baba. "Auta, hau kujera ki ɗauko min igiyar shanyar nan."

Kafin la'asar ya kwance aikin wuni guda. Bai yanka bututun ba, a hankali ya ciro shi, ya naɗe ya mayar sito. Tiyon roba kuwa minti ashirin ya ɗauke shi. Tura shi kawai ake yi cikin mahaɗa ya ce ƙyas. Baba ya ja ya ga bai fita ba, ya yi tsaki. Aka zubar da ruwan duro, aka wanke shi, aka canza tsakuwar akwatin, Mai Kifi ta kawo ruwa jarka huɗu daga shagonta, ta cusa sabon gawayi a matatar cikin akwatin don ya tsotse abin da ya rage. Gubar ta riga ta kama da yawansu, kifi huɗu ne kawai suka tsira. Direba ba ya cikinsu. Mama ta yi kwana biyu tana nemansa da ido, daga nan ta daina.

Bayan wata ɗaya Mai Kifi ta zo da roƙo. Masu sayen kifinta da yawa suna sayen injin su rasa mai haɗawa, in an haɗa kuma ya jiƙa musu kicin. Baba ya ce zai yi, da sharaɗi biyu: ba zai je inda ya wuce tafiyar rabin awa ba, kuma sai lokacin da nake gida. A shekara uku ya haɗa fiye da arba'in. Na taɓa raka shi wani gida, na ji shi yana yi wa wani injiniya faɗa a kan mahaɗar tagulla da ya sa bayan fatar, kamar shi bai taɓa yi ba. Da muka fito na tuna masa. Ya ce ai shi ya sa ya sani.

Hannun Mama bai dawo ba. Likita ya ce kada mu sa rai. Amma tana takawa da sanda daga kujera zuwa akwatin, maganarta kuma ta kai jimla gajera. Ita ke tuna wa Baba lokacin canza gawayi, duk wata shida, kuma ba ta taɓa kuskure wata ba. Gwiwoyinsa yanzu ba sa yarda ya daɗe a durƙushe, don haka ya ɗaga kwanson sama daidai ƙirjinsa.

Bara Mai Kifi ta ba ta kyautar wasu kifaye biyu masu faɗi kamar ganye, masu dogayen fikafikai. Watan jiya na shigo na tarar da su biyun, Baba da Mama, sun kusa manna hanci a gilashi. Kifayen sun jera ƙwai a kan wani faffaɗan ganye, suna ta yi musu fifita, suna korar duk wanda ya matso. Baba ya buga wa Mai Kifi waya. Ta ce in ana so 'ya'yan su rayu sai an raba su da sauran, a sa musu akwati na biyu.

Baba ya ce a ajiye shi kusa da na farko, tiyo taki biyu ya isa. Mama ta ce a'a.

"Ɗaki," ta ce. "Gefen gado."

"Maman yara, sai fa na huda bango biyu."

"Huda."

Ya kalle ni, na ce ni ba ruwana. Ya shiga sito ya ɗauko tef ɗin awo, ya ce in riƙe masa bakinsa a gindin ƙofa. Mita tara da rabi ya samu.